Bargon Ƙyallaye: Sadakar Masu Allura a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada ta mata, tun zamanin da yadi yake da tsada, hunturu kuma ba ya tausayin talaka, wato su tara guntayen ƙyallen da suka saura daga ɗinkin iyali, su yanyanka su daidai wa daida, su harhaɗa har su zama bargon da suke kira kwilt. Shi wannan bargo hawa uku gare shi: fuskar sama mai ado, da auduga a tsakiya, da yadi guda a ƙasa, sa'an nan a bi duka ukun da ɗinki domin kada audugar ta dunƙule in an wanke. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa sawaye a ɗinka gwado, ba zai sha wuyar fahimtar hikimar ba, illa dai su can murabba'i suke haɗawa, kamar gidajen dara.

Wannan sana'a ta cikin gida ce ta zama ƙofar jinƙai ga yaran da ƙaddara ta faɗa wa. A jajibirin Kirsimeti na shekarar 1995, wata mata mai suna Karen Loucks ta karanta a mujallar Parade labarin wata yarinya mai fama da sankarar jini, wadda ba ta rabuwa da bargonta duk sa'ad da za a yi mata magani. Daga nan sai ta ɗaura niyyar kai barguna aikin hannu ga yara masu jinya a wata cibiyar sankara ta birnin Denba, a jihar Kolorado. Abin da ya fara da mutum ɗaya ya bunƙasa ya zama ƙungiyar Project Linus, wadda aka raɗa wa sunan wani yaro na cikin zanen barkwancin Charles Schulz da kullum yake jan bargonsa, kuma a yau tana raba barguna ga jarirai da yara har 'yan shekara 18, a asibitoci da gidajen mafaka.

To, da yake ba kowa ne yake da sukunin ɗinka bargo sukutum ba, sai masu wannan aiki suka sauƙaƙa al'amarin: kowace mace ta ɗinka murabba'i ɗaya ko biyu a gidanta, ta aika wa mai haɗawa. A nan ne ƙa'ida take shigowa, domin matan da ba su taɓa haɗuwa ba, ba abin da zai sa aikinsu ya zauna wuri ɗaya sai awo. Galibi akan nemi murabba'i mai inci 12 da rabi a kowane gefe. Mai ɗinki takan yanka ƙananan ƙyallaye 9, kowanne inci 4 da rabi, ta jera su uku-uku, mai duhu kusa da mai haske, ta ɗinke su tana barin rubu'in inci a bakin kowane ɗinki, sa'an nan ta kwantar da bakin da dutsen guga. Idan ta yi sakaci da wannan rubu'in inci, ko da da kaurin zare ne, kuskuren zai yi ta taruwa har kusurwoyi su ƙi haɗuwa, mai haɗawa ta zauna farkewa. Murabba'i 12, uku a faɗi huɗu a tsawo, sun isa bargon ƙaramin yaro.

Akwai kuma sharuɗɗan da maslahar yaron ta wajabta: bargon ya zama sabo, mai jure wanki, ba warin taba, ba fil ko maɓallin da jariri zai iya haɗiya.

Haƙiƙa abin lura a nan shi ne, wadda ta ɗinka murabba'in ba ta san yaron da zai lulluɓa da shi ba, shi ma bai san ta ba, balle a yi godiya ko a yi gori. Malamai kuwa sun daɗe suna koyar da cewa sadakar da ta ɓuya ta fi kusa da ikhlasi. Rabonta a cikin aikin bai wuce ta daidaita rubu'in incinta ba, domin ƙyallenta ya dace da na 'yar'uwarta, yaron kuma ya samu barci.