Hanyoyi Biyu na Girka Manhaja

Ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin ofis a Gagarawa Tasha yana da hanya biyu ta girka manhaja. Ko dai ya ɗauko ainihin rubutun tushenta, injinsa ya harhaɗa, aikin da kan ci sa'o'i, ga wutar lantarki ba tabbas. Ko kuwa ya bi ta tsarin ƙunshi irin APT, wanda Debian ta fitar a 1998, mai jawo manhaja tare da dukkan abin da take dogaro da shi. Lalle ta biyun ce ta dace da ofishin gwamnati, domin tana ajiye lissafin abin da aka girka. Wanda aka harhaɗa da hannu kuwa, ran da aka yi wa ma'aikacin canji zuwa Gumel, magajinsa sai lalube.