Suturar Yau da Kullum a Ƙasar Ayalan

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, a ƙasar Ayalan yanayi ne ke zaɓa wa mutum sutura. Tsibiri ce a Tekun Atilantika, inda ruwa da iska da rana kan bi juna a yini guda. Shi ya sa mutanenta kan ɗora tufafi bisa tufafi: riga, suwaita, sannan jaket mai hana ruwa shiga, da wandon jins. In gari ya yi ɗumi, sai a tuɓe na sama.

Fitacciyar suturarsu ita ce suwaitar Aran, wadda matan tsibiran Aran, kusa da Galway, suka fara saƙawa a farkon ƙarni na 20. Da zaren gashin tumaki ake yin ta, kuma a da akan bar maiƙonsa don kada ruwa ya ratsa ta. Ana yawan cewa kowane dangi na da salon saƙarsa, don a gane gawar masuncin da ya nutse, amma masana sun ce wannan almara ce.

Matasa kuwa kan yi ado da rigunan wasannin gargajiya na ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a 1884. Kowace gunduma da launinta: Dublin shuɗi, Kerry kore da ruwan zinare. Ke nan, da ganin riga sai a san inda mutum ya fito.