Tsofaffin sulallan Turai da suka goge: abin da ya kamata ku sani

Akan tsinci tsohon kuɗin ƙarfe a ƙasan adaka ko cikin kayan gado, rubutunsa ya shafe, kan sarkin da ke jiki ya koma inuwa. Kowa tambayarsa ɗaya ce: nawa zai yi? Kafin a kai ga farashi, sai an fara sanin ko wane kuɗi ne.

Ta yaya za ku gane ƙasar da ta buga shi?

Ku ɗora shi a kan farin ƙyalle, ku haska shi da tocila daga gefe, ba daga sama ba. Hasken gefe yakan fito da haruffan da kuka ɗauka sun ɓace, kuma uku ko huɗu ma sun isa. HELVETIA na nufin Suwizalan, DEUTSCHES REICH Jamus ce, RÉPUBLIQUE FRANÇAISE kuwa Faransa. Na Birtaniya sunan mai sarauta ake nema, wanda aka rubuta da harshen Latin, kamar GEORGIVS ko EDWARDVS.

Idan shekarar ta goge, kan da ke jiki zai taimaka. Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, tana kallon hagu. Ɗanta Edward na Bakwai, mai sanƙo, yana kallon dama, shi kuma ya rasu a 1910. Ku nemi wani ɗan ƙaramin harafi da ke zaune shi kaɗai, domin shi ne alamar gidan da aka buga kuɗin. A kuɗin Faransa harafin A na nufin Paris, a na Jamus kuma Berlin.

Daga nan sai awo. Ku kai wa mai sayar da zinariya ya ɗora a sikelinsa, ku auna faɗinsa da rula, ku gwada da abin da ke cikin kundin sulalla irin Numista da ke intanet. Wanda ya goge sosai zai ɗan gaza nauyin da aka rubuta, wannan ba abin damuwa ba ne.

Liyarina an rubuta 1780, ashe ba tsoho ba ne?

Nan ne mutane da yawa suke shan mamaki. Liyari, babban kuɗin azurfar nan da fatake suka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa, mata kuma suka mayar da shi abin wuya, na ƙasar Ostiriya ne. Matar da ke jiki Mariya Teresa ce, wadda ta rasu a 1780. Da yake 'yan kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa sun amince da shi, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, a Biyana da Landan da Paris da Rum, har da Bombay ta Indiya. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka 1780 ɗin ba ta tabbatar da shekarunsa ba. Na gaskiya yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗori, kashi 83 cikin ɗari azurfa ne, a bayansa akwai gaggafa mai kai biyu, kuma da rubutu a bakinsa kewaye. Galibi darajarsa ta azurfar da ke cikinsa ce, kimanin giram 23.

Me ke sa kuɗi ya yi tsada?

Masu tara sulalla suna duba ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da ƙarfen da aka yi shi da shi. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Kwabon Biktoriya da ya goge ya fi shekara ɗari, amma an buga irinsa da yawan gaske, don haka abin da za a ba ku kaɗan ne. Huda shi ko liƙa masa zobe don rataya shi ma yana karya farashi.

Ga kuɗin da ya goge, ƙarfen ne abin dogaro. Tsohuwar dalar Faransa ta azurfa, wato faran 5, giram 25 ce, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Sule da sisin Birtaniya na kafin 1920 kusan zallar azurfa ne, daga 1920 zuwa 1946 rabi ne, daga 1947 kuwa babu ko kaɗan. Ku gwada da maganaɗisu: in ya kama, ba azurfa ba ce. Rashin kamawa dai bai isa shaida ba, domin tagulla ma ba ta kamawa.

In wanke shi ya yi ƙyalli?

Don Allah kada ku yi. Toka, lemun tsami da soson ƙarfe suna kankare fuskar kuɗin, kuma mai saye yana ganewa da kallo ɗaya. Wannan duhun da ya hau kansa masu tarawa suna son sa. Ku riƙe shi ta gefe, ku ajiye kowanne a takardarsa, a wuri busasshe.

Yaya za ku san farashin gaskiya?

Ku duba abin da aka sayar da irinsa a gwanjo, mai gogewa daidai da naku, ba abin da mai talla ya yanka ba. Akwai kamfanonin tantancewa irin NGC da PCGS, masu ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70, amma ladansu da kuɗin aikawa sukan fi darajar gogaggen sule. Ku ji ta bakin masu saye biyu ko uku kafin ku sallama. Duk wanda ya ce kwabonku zai kawo miliyoyi, amma sai kun fara biyan kuɗin gwaji, ku riƙe kayanku ku rabu da shi.