"Takardunai Na Bisa Hanya": Yadda Wuce Wa'adin Biza Ke Lalata Neman Zaman Dindindin

A gidaje da dama a Birnin Kebbi da Argungu, idan aka tambayi labarin ɗan gida da ya daɗe a ƙasar waje bai leƙo ba, amsar kusan ɗaya ce: "Lafiya lau shike, takardunai na bisa hanya." Uwa takan faɗi haka da sakin fuska, domin abin da ya gaya mata ke nan a saƙon murya na WhatsApp, kuma shi ma ba ƙarya ya yi ba. Ya cike fom, ya biya kuɗi, an ba shi lambar shaida. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne ranar da aka yanka masa ya bar ƙasar ta riga ta wuce kafin ya miƙa takardun. Wannan 'yar tazarar ta kwanaki tana iya cinye wahalar shekaru.

Bakabe ya saba da iyaka tun yana yaro. Daga Kamba a leƙa Gaya, daga Bachaka ko Kangiwa a shiga ƙasar Dosso, daga Lolo a gangara Binin, a ci kasuwa, a yi zumunci, a dawo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kwana 90 ba tare da biza ba, kuma da wuya a samu wanda ya taɓa zaunar da mai ziyarar dangi yana ƙirga masa kwanaki. Da wannan sabon ne mutane da yawa suke hawa jirgi. To amma a Jidda da Landan da New York kwamfuta ce ke ƙirgar, ta kuma riga ta ajiye zanen yatsun mutum tun ranar da ya sauka.

A fara da Saudiyya, tunda ita ce ƙasar wajen da talakan Jihar Kebbi ya fi sani. Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, jirgin farko na alhazan Nijeriya na shekarar 2024 ya tashi, a ranar 15 ga watan Mayu. Kusan duk waɗanda suka tafi ta hannun hukumar alhazai sukan dawo da tsarabarsu. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen masu tafiya da bizar Umara ko ta ziyara da niyyar maƙalewa, waɗanda aka fi sani da 'yan takari. Lissafinsu shi ne a ɗan laɓe, a samu aikin gida ko na gini, daga baya a samu kafili ya gyara musu igama.

Wannan lissafin ba ya fita. Bizar Umara ba ta ba da izinin aiki, kuma daɗewa a ɓoye ba ya rikiɗa ya zama haƙƙin zama ko da an shekara ashirin. Ita kanta igamar izini ce ta wa'adi da ake sabuntawa. Zaman dindindin da Saudiyya ta fito da shi a 2019 an sa masa farashin riyal 800,000, wato ba domin mai wankau ko mai tallar abinci a Sharamansur ta Makka aka yi shi ba. Abin da doka ta tanadar wa wanda ya wuce wa'adi shi ne tarar da za ta iya kaiwa riyal 50,000, ɗaurin da zai iya kaiwa wata 6, sannan kora. A aikin Hajjin 2025 an shelanta cewa wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini zai biya har riyal 20,000, a kore shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Wanda ya bi ta gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare masu jiran kora, tsakanin Makka da Jidda, aka ɗauki yatsunsa, canza fasfo ko canza suna ba zai cece shi ba.

Wasu sukan kafa hujja da Hausawan Makka masu tutiya da sunan Hausawi, irin su Usama Hausawi da ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Kakannin irin waɗannan iyalai sun isa can ne tun zamanin da ake tafiya Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, kafin a san biza da kwamfuta. Waccan ƙofa ta daɗe da rufuwa. Yau ɗan da 'yar takari ta haifa a Jidda ba ɗan ƙasa ba ne, kuma sau da yawa ba shi da takardar da za ta shigar da shi makaranta.

A Amurka da Birtaniya kuwa, inda ake da hanyar zaman dindindin ta gaske, lamarin ya fi sarƙaƙiya, kuma masu ilimi ne suka fi faɗawa: likita ko nas da ta bar asibiti a Birnin Kebbi, malamin jami'a da ya tafi ƙaro karatu, ɗan kasuwa da ya je ziyara ya ga wuri.

Kuskuren farko a Amurka shi ne duba ranar da ba ita ba. Mutum ya buɗe fasfo, ya ga ranar ƙarewar da ke jikin bizar da aka manna masa, ya ɗauka ita ce wa'adinsa. Ranar da ke ɗaure shi tana cikin wata takarda dabam mai suna I-94, wadda jami'in filin jirgi yake shigarwa a kwamfuta ranar sauka, kuma sai mutum ya shiga intanet zai gan ta. Mai ziyara yawanci wata 6 ake ba shi, amma jami'in yana iya ba shi ƙasa da haka. Kwana ɗaya ya ƙara a kan wannan ranar, bizar da ke fasfonsa ta mutu, ko da saura mata lokaci.

Daga nan sai ƙirga ta fara, bisa wata doka ta 1996. Wanda ya wuce kwana 180 bai kai shekara ba, idan ya fita, ba zai sake shiga ba sai bayan shekara 3. Wanda ya kai shekara guda ko fiye, shekara 10 ce. Abin lura shi ne hukuncin ba ya hawa kansa sai ranar da ya sa ƙafa ya fita, shi ya sa ake samun mutum ya shekara goma sha bai ga mahaifiyarsa ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko yawa: ɗaukar takardar shaidar karɓar fom a matsayin izinin zama. Kai kuɗin gaisuwa gidan su yarinya ba ya sa a ba saurayi ɗaki a gidan. Idan ɗan'uwa ya cike wa mutum fom ɗin I-130, abin da ya yi kawai shi ne ya nemi hukuma ta amince da dangantakarsu. Ko an amince, wannan bai tsayar da ƙirgar ba ko da kwana ɗaya. Takardar da ke tsayar da ita ita ce I-485, ta neman koren kati, wato katin zaman dindindin, daga cikin ƙasa, kuma ba kowa ke da ikon miƙa ta ba.

A ɗauki misalin mutum biyu daga Argungu, duka sun shiga da bizar ziyara, duka sun wuce wa'adi da shekara biyu. Na farko ya auri 'yar ƙasar Amurka, aure na gaskiya. Doka ta ware mata ko mijin ɗan ƙasa, da iyayensa idan ya kai shekara 21, da 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da 21, ta yafe musu wuce wa'adi matuƙar ta ƙofa suka shigo aka duba su. Wannan zai iya neman katinsa yana ciki. Na biyu yayansa ne ɗan ƙasa. Layin 'yan'uwa yana ɗaukar fiye da shekara goma, kuma ranar da layi ya zo kansa za a ce masa ba ya cikin waɗanda aka yafe wa, sai ya koma ofishin jakadanci a Legas. Yana fita, shekara 10 ta hau kansa. Akwai takardar neman sassauci, amma sai ya nuna cewa rashinsa zai jefa matarsa ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa, 'yan ƙasa ko masu koren kati, cikin matsanancin hali. Wahalar yaya ba ta shiga lissafi, haka ma ta 'ya'ya. Haka nan wanda matarsa koren kati kawai gare ta, ba ta zama 'yar ƙasa ba, yafiyar ba ta kai kansa ba. Mai nema ta hanyar aiki kuwa, ana iya kawar masa da kai ne kawai idan saɓawarsa ba ta wuce kwana 180 ba.

A nan ne labarin "wane ma haka ya yi kuma ya samu" yake halaka mutane. Wane ɗin ya samu, gaskiya ne, amma shi a wani rukuni yake.

Ko wanda takardunsa suke daidai yana da wani tarko a gabansa, kuma tarkon ya fi kama Bahaushe saboda zumunci. Waya ta yi ƙara da asuba, aka ce Baba ya cika. Kafin azahar ta yi a gida an kai shi makwanci. Ɗan ya sayi tikiti cikin kuka, ya iso ana zaman makoki, ya zauna kan tabarma a ƙofar gida yana amsa "Allah shi jiƙan rai" daga bakin dattawan unguwa. Bai san cewa tun da jirginsa ya ɗaga, hukumar Amurka ta ɗauki fom ɗinsa na I-485 a matsayin wanda ya yi watsi da shi ba, muddin bai karɓi izinin tafiya na musamman ba kafin ya fita, sai dai in yana cikin 'yan rukunin masu bizar aiki da aka keɓe. Idan kuma ya tara fiye da kwana 180 kafin ya miƙa fom ɗin, haramcin shiga ma ya hau. Babu wanda zai ga laifinsa a Gulma ko Augie don ya zo gaisuwar mahaifinsa. Jami'in da ke duba fayil ba ya tambayar dalili irin wannan.

Komawar ma ta ƙara wuya. A watan Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar ziyara da take bai wa 'yan Nijeriya zuwa wata 3, shiga sau ɗaya. A watan Disambar wannan shekarar Shugaba Donald Trump ya sanya Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, kuma yawan masu wuce wa'adi yana cikin dalilan da aka rubuta. Wato wanda ya maƙale ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da ɗalibin da ke Aliero yana shirin tafiya.

Dokar Birtaniya ta fi sauƙin fahimta, amma ba ta da sassauci. Idan mutum ya miƙa sabuwar buƙata kafin izininsa ya ƙare, ko da saura kwana ɗaya, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana tsawaita masa tsohon izininsa da duk sharuɗɗansa har a yanke hukunci. Zai ci gaba da aikinsa, zai ci gaba da zama a gidan hayarsa. Idan ya makara, ya rasa wannan kariyar. Akwai rangwamen kwana 14, amma sai da dalili mai ƙarfi da ya fi ƙarfinsa, kamar kwanciya a asibiti, tare da shaida. "Ina jiran albashi in biya kuɗin fom" ba abin dogaro ba ne. Zaman dindindin a can ana gina shi ne a kan shekarun zama na halal a jere, 5 a wasu hanyoyi, 10 a wata, kuma giɓin da ba a yafe ba yana iya mayar da mutum farkon ƙirga. Wanda ya wuce kwana 30 sannan ya fita da kuɗinsa, yawanci shekara guda ake hana shi dawowa. Wanda aka tasa ƙeyarsa, 10. A can ma, fita daga ƙasar alhali buƙata tana gaban hukuma daidai yake da janye ta.

Kada a ce Turawa da Larabawa ne kawai masu tsanani. A 2025 Ma'aikatar Cikin Gida ta Nijeriya ita ma ta shelanta tarar dala 15 a kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adi, da haramcin shiga ga wanda ya daɗe.

Mafi munin shawara ita ce wadda wasu ejan-ejan suke bayarwa, cewa a ɓoye tsohon laifin a sabon fom, a ce ba a taɓa wuce wa'adi a ko'ina ba. Wuce wa'adi laifi ne mai ranar ƙarewa. Ƙarya a fom ɗin Amurka kuwa haramci ne na har abada, a Birtaniya kuma tana iya jawo shekara 10. Ejan ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, sunan mai fasfo ne a kan takardar. A ƙasashen biyu, ba kowa doka ta yarda ya ba da shawara kan shige da fice ba, sai lauya ko wanda hukuma ta yi wa rajista, kuma ana iya duba sunansa a intanet kafin a ba shi ko sisi.

Iyalin da ke gida suna da rawar takawa, tunda sau da yawa su suka sayar da buhunan shinkafar rani ko wani yanki na fadama aka yi kuɗin tafiyar, kuma kunyarsu ce take hana mutum dawowa hannu rabbana. Maimakon a tsaya kan "yaushe takardun za su fito?", a tambaye shi ranar da izininsa ya ƙare, da ranar da ya miƙa buƙatar, a ga wacce ta riga wata. In ya riga ya wuce, a tambaye shi kwana nawa. Wanda yake kwana na 170 a Amurka, in ya tattara ya dawo, bizarsa ta mutu kuma zai sha tambayoyi a gaba, amma babu haramcin shekaru a kansa. Idan 'yan gida suka ce ya ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata, zai sauka a Abuja da shekara 3 a wuyansa.