Saƙon da ke yawo kan fina-finan Yesu: ina gaskiya, ina ƙarya?

Sau huɗu saƙon nan ya shigo wayata a mako guda. Na fara ganinsa a zauren WhatsApp na zumuntar mata, ƙanwar mahaifiyata ta turo min shi daga Kafanchan, sai wasu 'yan kwaya biyu. Babu sunan wanda ya rubuta shi, babu aya ko ɗaya, amma a ƙasansa an ce a tura wa mutum goma don a ceci rayuka. Magana huɗu ce a cikinsa.

Uku daga ciki ba su da wahala. An ce duk ɗan wasan da ya fito a matsayin Yesu mutuwa yake yi ko ya haukace. Ƙarya ce: Robert Powell na fim ɗin Jesus of Nazareth na 1977 ya ci gaba da aikinsa a Ingila shekaru da yawa, Jim Caviezel na The Passion of the Christ na 2004 kuma ya sake fitowa a Sound of Freedom a 2023. An ce fuskar Yesu da muka saba gani ta Cesare Borgia ce, ɗan wani Fafaroma. Wannan ma ba ta tsaya ba, domin akwai zanen Yesu mai gemu da dogon gashi a Dutsen Sinai tun ƙarni na 6, shi kuwa Borgia a ƙarni na 15 aka haife shi. An ce tsawa ta faɗa wa Caviezel ana cikin ɗaukar fim a Italiya. Wannan gaskiya ne, shi da bakinsa ya faɗa, kuma ya rayu.

Ta huɗu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Saƙon ya ce shirin The Chosen na 'yan Mormon ne, sun cusa ayar littafinsu a bakin Yesu, kuma duk wanda ya kalla ya bar bangaskiya. Saboda wannan magana, a wata ikilisiya da na sani an kira shugaban matasa gaban dattawa don ya nuna kashi biyu na shirin a daren Juma'a. Yaron ya yi shekara shida yana hidima, amma rana ɗaya aka fara kallonsa kamar mai shigo da baƙuwar koyarwa. Har yau bai koma kujerarsa ba.

Akwai gaskiya a cikin zargin, shi ya sa ya kama mutane. Kamfanin da ya fara rarraba shirin, VidAngel wanda daga baya ya haifi Angel Studios, 'yan gidan Harmon ne ke jagorancinsa a lokacin, kuma mabiya cocin Mormon ne. An ɗauki wani ɓangare na zango na biyu a Goshen, jihar Utah ta Amurka, a wurin da cocin Mormon ya gina da kamannin tsohuwar Urushalima. Mai shirin, Dallas Jenkins, ya kuma taɓa cewa wasu abokansa 'yan Mormon suna ƙaunar Yesu ɗaya da shi, maganar da ta ɓata wa masu bi da yawa rai. Wanda ya ji waɗannan ya tsorata, ban ga laifinsa ba.

To amma mai rarraba kaya daban, mai ƙera su daban. Jenkins Kirista ne ɗan ikilisiyar bishara, ɗan Jerry Jenkins marubucin littattafan Left Behind. Shi da Ryan Swanson da Tyler Thompson ne ke rubuta labarin, kuma babu ɗan Mormon a cikinsu. Jonathan Roumie, mai fitowa a matsayin Yesu, ɗan Katolika ne. Kuɗin zango na farko, wajen dala miliyan 10, dubban mutane ne suka tara shi kafin shirin ya fito a 2019. A 2024 kuma shirin ya rabu da Angel Studios bayan wata takaddama kan yarjejeniya. Mai saƙon bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko bai bincika ba, ko ya sani ya ɓoye, kuma duka biyun abin kunya ne ga wanda ke cewa yana kare gaskiya.

Batun ayar fa? A zango na uku, a majami'ar Nazarat, an sa Yesu ya ce shi ne Shari'ar Musa. Da tallar ta fito a 2022, wasu suka ga kamar ta yi kama da wata aya ta littafin Mormon. Jenkins ya ce ba daga can ya ɗauko ba, bai ma karanta littafin ba. Zuciyarsa Allah ne ya gani, don haka ba zan rantse a kanta ba. Abin da zan iya tabbatarwa shi ne maganar ba ta cikin Luka sura 4, inda labarin Nazarat yake. A Matiyu 5:17 cika Shari'a Yesu ya ce ya zo yi. Ni ma da an cire maganar da ya fi min. Sai dai ƙari a fim abu ne daban da makirci.

Ƙarin kuwa yana da yawa, kuma ba a ɓoye shi ba. A farkon kashi na ɗaya an rubuta cewa an haɗa wasu lokuta da wurare, an ƙara mutane da hira, aka kuma roƙi mai kallo ya karanta Bishara. Markus 1:30 ya ambaci surukar Bitrus amma bai faɗi sunan matarsa ba, shirin ne ya raɗa mata Eden. Haka sauran fina-finan suke. The Ten Commandments na 1956 ya ƙara wa Musa labarin soyayya da babu shi a Fitowa. Mel Gibson, mai shirya The Passion of the Christ, ya ɗauko wasu abubuwa daga wahayin Anne Catherine Emmerich, wata sista Bajamushiya. Wanda ya fi bin nassi sawu da ƙafa shi ne fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka gina kan Bisharar Luka, wanda yawancinmu muka kalla da Hausa a filin majami'a ana jin ƙarar janareta.

Fim ba Littafi Mai Tsarki ba ne, kuma wanda ya ga bai natsu da The Chosen ba yana da 'yancin barinsa. Wanda zai kalla ya ajiye Littafinsa kusa, ya duba kamar yadda mutanen Biriya suka yi a Ayyukan Manzanni sura 17. Baba da Mama da kuka tura saƙon, na san ƙaunar 'ya'yanku ce ta sa. Amma Fitowa 20:16 ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, kuma danna waya ma ba da shaida ne. Akwai yaron da wannan saƙo ya zubar wa mutunci. Kafin a sake tura shi, ya kamata wani dattijo ya je ya ƙwanƙwasa ƙofarsa.