Binciken Karkara Da Mudun Da Jami'a Ke Auna Shi

Duk shekara idan lokacin duba ƙarin girma ya zo, malaman jami'a kan tattara takardunsu su miƙa wa kwamiti. Abin da kwamitin ke ƙirgawa sananne ne: maƙala nawa ka wallafa, a wace mujalla, tana cikin jerin Scopus ko a'a, sau nawa wasu masana suka ambace ka. Ban raina wannan mudu ba, domin da shi aka auna ni. Sai dai akwai irin binciken da yake tauyewa, wato wanda ya shafi fasahar karkara da sufuri da yadda al'umma ke jure wa fari da ambaliya.

Mu tuna da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, sai ya tafi da zafi, tumatir da yalo su daɗe ba su ruɓe ba. Kakanninmu sun san sirrin sanyin randa tun da can. Abin da ya ƙara shi ne tsara dabarar da kai ta ƙauyukan da ba su da lantarki. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex. Amma da fom ɗin ƙarin girma na yau aka miƙa masa, babu gurbin da zai rubuta yawan gidajen da tukwanensa suka shiga.

Buhun PICS mai hawa uku ya nuna cewa ana iya cin kasuwa biyu. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Kamaru da Nijar sun tabbatar cewa idan aka ɗaure wake cikin leda biyu da buhu a waje, iska takan ƙare wa ƙwari ba tare da an zuba guba ba. An wallafa sakamakon a mujallu, sannan shirin da aka fara a 2007 ya ware kuɗi don nuna dabarar ƙauye-ƙauye da ƙera buhun a nan gida. Wannan kashi na biyu shi ne binciken jami'o'inmu ke yawan rasawa, saboda kuɗin kan ƙare ranar da aka ɗaure rahoto.

Sufuri ya fi kowa maraici. Tun 2006 Bankin Duniya ya fito da ma'aunin da ke duba yawan mutanen karkara da ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ake iya bi rani da damina. Ma'aunin bai faɗa maka nawa ɗan acaɓa ke karɓa kan buhun masara a watan Agusta, ko kwando nawa na tumatirin Kadawa ke dagargajewa kafin Legas ba. Waɗannan tambayoyi namu ne. Na taɓa ganin ɗalibin digiri na biyu da ya so nazarin gatarin amalanken shanu da tsadar dako, aka ba shi shawarar ya sauya batu, wai babu mujallar waje da za ta saurare shi. Ya sauya, kuma ban ga laifinsa ba.

Birtaniya ta ɗan gyara nata mudun. A tantance binciken jami'o'inta na 2014, tasirin aiki a wajen jami'a ya ɗauki kashi 20 cikin 100 na maki, a 2021 ya koma kashi 25. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da TETFund na iya gwada irin wannan. Na san haɗarin: da zarar tasiri ya zama maki, kowa zai zo da hoton taron ƙauye da wasiƙar dagaci. Saboda haka shaidar ta fito daga wani daban, kamar malaman gona, a kuma koma ƙauyen bayan damina biyu ko uku a duba ko har yanzu ana amfani da abin da aka kai.