Gonar Bacirawa da Digirin Kasuwanci a Ƙetare

Wanda ya daɗe bai bi titin Katsina ya leƙa Bacirawa ba, can cikin ƙaramar hukumar Ungogo, zai sha mamakin yadda gari ke cinye gona. Inda aka saba ganin yabanyar gero da dawa, yanzu turakun siminti ne da tarin bulo, an yanka fuloti. Kowa ya san inda kuɗin fili ke zuwa: aure, kujerar Makka, jari, rabon gado. Sai dai a 'yan shekarun nan an ƙara wata kafa. Ɗan gidan da ke Ingila ko Malesiya ko Dubai zai bugo waya ya ce yana son yin MBA, wato digiri na biyu a harkar tafiyar da kasuwanci, don haka a taimaka a sayar da kasonsa.

Bahaushe bai jira makaranta ba kafin ya iya kasuwanci a ƙasar wasu. Fataken goro ne suka raya zangunan Salaga da Kumasi, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a hanyar Gwanja ya fara tara dukiyarsa. Amma zamani riga ne. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote a Azhar ta Alƙahira ya yi karatu, shi ne kuma ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci, aka miƙa ta a 2018. Yau jikan bafatake da ke Nima a Akra ko Bronx a birnin New York, idan yana son kujera a banki ko babban kamfani, takarda za a fara tambayarsa.

Matsalar ita ce takardar na da tsada, kuma tsadar ta ninka a hannun ɗan Najeriya. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da fuloti biyu da lissafin za su biya kuɗin shekara, sai ya wayi gari ba su kai rabi ba. A watan Mayun 2024 an ga ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila suna zanga-zanga, bayan an dakatar da karatunsu saboda sun gaza kammala biya a kan lokaci. Manyan makarantun Amurka irin su Harvard kuwa, kuɗin karatu kaɗai ya wuce dala 70,000 a shekara, kuma shekara biyu ake yi. Na Turai yawanci shekara ɗaya ne. INSEAD ta Faransa wata goma.

Dokokin zama ma sun canza. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mai irin wannan digirin tafiya da iyalinsa. Ga magidanci wannan ba ƙaramin abu ba ne: uwargida da yara suna Kano, shi yana Bradford ko Coventry, tukunya biyu a wuta. Doka ta ba shi damar aikin awa 20 kacal a mako lokacin karatu, galibi a gidan kula da tsofaffi ko rumbun ajiyar kaya. A gida kuwa ana kallonsa a matsayin wanda ya je ƙasar fam, kowa na jiran saƙo.

Akwai kuma abin da ejan-ejan masu nemo gurbi ba sa son a taso da shi, wato riba. Kamfanoni irin su Prodigy Finance suna ba ɗaliban ƙetare bashin karatu ba tare da jingina ba, amma da kuɗin ruwa. Da yawa daga cikinmu ba za su taɓa shi ba, kuma nan ne ido ke komawa kan gona. A ganina kafin a kira dillali ya kamata a ƙure neman tallafi. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana ɗaukar masu MBA, ko da yake ta ƙayyade abin da take biya na kuɗin makaranta, tana neman gogewar aiki ta shekara biyu, sannan dole mutum ya koma gida ya yi shekara biyu bayan gamawa. Makarantun su kansu suna rage kuɗi ga wanda ya ci jarrabawar GMAT da kyau, musamman idan ya nema tun zagayen farko, wanda kan faɗo wajajen Satumba. Mu kuwa mun fi son sai jirgi ya kusa tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne takardar bayanin kai da ake rubutawa. Saurayin da ya yi shekara bakwai yana riƙe da littafin bashin shagon babansa a Kantin Kwari, ko yana tura riɗi da zoɓo daga Dawanau zuwa tashar jirgin ruwa ta Legas, sai ya ɓoye wannan duka, ya kwafo zancen da kowa ke rubutawa, wai shi mai kishin shugabanci ne. Kunya yake ji, yana ganin kasuwa ba aikin ofis ba ce. Alhali masu tantancewar sun ƙoshi da ma'aikatan banki. Wanda ya san yadda ake bayar da kaya na miliyoyi a kan amana, da yadda ake karɓo bashi ba tare da an ɓata zumunci ba, shi ne baƙon da suke nema a aji. Abin da kawai zai yi shi ne ya sa lambobi: buhu nawa, yara nawa ke ƙarƙashinsa, asarar nawa ya tare. Ya kuma fara bin takardar sakamakonsa daga tsohuwar jami'arsa da wuri, don wanda ya taɓa nema ya san ba a kwana ɗaya take fitowa ba.

Zaɓen makaranta kuma ba a jerin gwanaye ake farawa ba. A fara da tambayar inda mutum zai zauna bayan ya gama, domin rabin abin da ake saya a MBA jama'a ce, abokan aji da ƙofofin da za su buɗe. Mai niyyar komawa Kano ya riƙe kasuwancin gida, makarantar Ɗangote ta Bayero ko Lagos Business School za su haɗa shi da mutanen da zai yi hulɗa da su gobe. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana yin nata ta intanet, mutum na Jidda yana karatu bai bar aikinsa ba. Ɗan zango a Ghana yana da makarantar GIMPA da Jami'ar Ghana da ke Legon a kusa. Mai sha'awar bankin Musulunci ya duba INCEIF ta Kuala Lumpur, wadda babban bankin Malesiya ya kafa a 2005. Wadda duk aka zaɓa a ƙetare, a bincika ko tana da ɗaya daga shaidun ingancin nan uku, AACSB ko EQUIS ko AMBA, don akwai masu sayar da suna kawai.

Kirana ga 'yan uwa da suka riga suka bi wannan hanya, a Landan ko Toronto ko Dubai, shi ne ku daina turo hoton rigar yaye kaɗai. Ku faɗa wa ƙannenku abin da kuka kashe, da watannin da kuka yi kafin samun aiki, da albashin farko bayan an cire haraji, tun dattawan Bacirawa ba su sa hannu a takardar cinikin gona ba.